Cuɗe-Ni-In-Cuɗe-Ka: Yadda Na Samu Abokin Hirar Larabci A Shagon Tela



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya kuma hore masa harshe. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan uwana matasa, yau ina so in ba ku labarin wata kunya da na sha, da yadda Allah Ya mayar da ita sanadin alheri gare ni. Na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta wannan labari, domin kuwa ba abu ne mai sauƙi ba malami ya fito ya nuna inda ya gaza. To amma yawan tambayar da ɗalibai da abokai suke yi mini, cewa ta wace hanya mutum zai samu wanda zai riƙa hira da shi har bakinsa ya faɗa da Larabci ko Turanci, ita ta sa na ga cewa ɓoye labarin ba zai amfani kowa ba.

A shekarar 2022, wata ranar Asabar da hantsi, ina tsakiyar darasi a Islamiyyar da nake koyarwa a Birnin Kudu, sai shugaban makaranta ya aiko a kira ni. Wasu baƙi ne Larabawa su biyu suka zo duba rijiyar burtsatse da ƙungiyarsu ta haƙa a kusa da mu, kuma tafintan da ya kamata ya rako su bai iso ba. Shugaban ya dube ni da fara'a ya ce, "Malam, ai kai ne mai Larabcinmu, zo ka tarbi baƙi." Ɗalibai kuwa suka yi cirko-cirko a bakin taga, kowa yana son ya ji malaminsu yana zuba Larabci.

Gaisuwa ta tafi daidai, domin wannan a haddace take. Daga nan sai ɗaya daga cikin baƙin ya jero mini tambayoyi: gidaje nawa ne suke ɗibar ruwa a nan, yaushe famfon ya taɓa lalacewa, wa yake gyara shi. Na fahimci kusan duk abin da ya ce. Amma da na buɗe baki zan amsa, sai na ji kamar an ɗaure mini harshe. Ban san sunan famfo da Larabci ba, ban san yadda ake cewa ya toshe ba, kuma ɗan abin da na sani ɗin ma sai na tsaya ina auna shi a zuci: wannan kalma rufu'a za ta ɗauka ko fataha? Kafin in gama lissafi baƙon ya gane halin da nake ciki, ya yi murmushi ya juya zuwa Turanci, wani malamin boko ya karɓi zancen. Da na koma aji, wani yaro ɗan shekara kamar goma ya ɗaga hannu, ba da nufin raini ba, ya ce, "Malam, su Larabcinsu daban ne da wanda kake koya mana?" Na ce masa ya zauna. A daren nan ban yi barcin kirki ba.

Mai karatu, ka sani cewa ba rashin karatu ne ya jawo mini wannan ba. Na yi allo, na zauna a zaure gaban malamai na karanci Ajrumiyya, na haddace kaso mai yawa na Alfiyyar Ibn Malik mai baiti kusan dubu, na yi sakandaren Arabiyya, sannan na yi digiri a fannin nazarin addinin Musulunci. In ka ba ni shafin littafi zan karanta, in fassara, in kuma yi maka li'irabinsa kalma bayan kalma. Tsarin karatunmu na zaure, wanda malami yake jan baƙi yana fassara kowace kalma da Hausa, ya fitar da manyan masana da suka rubuta littattafai da waƙoƙi cikin Larabci mai zurfi, kuma babu mai raina shi sai jahili. Sai dai an gina shi ne domin fahimtar littafi. Ba a cika samun wurin da ɗalibi zai tambayi farashin albasa ko ya ba da labarin ciwon kansa da Larabci ba.

Daga baya na ci karo da bayanin wannan ciwo nawa a wajen Ibn Khaldun, wanda ya rasu a shekarar 1406. A cikin Muƙaddima ya bambanta tsakanin sanin dokokin nahawu da samun malaka, wato harshe ya zauna a bakin mutum har ya zama ɗabi'a. Ya buga misali da wanda zai iya yi maka bayanin yadda ake ɗinki dalla-dalla, amma in aka miƙa masa allura da zare ba zai iya haɗa komai ba. A wajensa malaka ba ta samuwa sai da yawan ji da yawan maimaitawa. Tarihin magabata ma ya nuna haka, domin Imam Shafi'i ya zauna a cikin ƙabilar Huzailu a ƙauye yana sauraron maganarsu har harshensa ya goge. Ko a ƙasarmu hukuma ta gane wannan buƙata, shi ya sa aka kafa Ƙauyen Larabci a Ngala ta jihar Borno a shekarar 1992, domin ɗaliban Larabci na jami'o'i su je su zauna inda za su ji harshen dare da rana, duk da cewa rikicin Boko Haram ya tilasta mayar da karatun Maiduguri daga baya. Ni ban samu wannan dama ba, saboda ba Larabci zalla na karanta ba. Saboda haka sai na ƙudurta cewa zan nemo wa kaina abokin hira.

Wanda na fara nufa shi ne wani abokina malami, wanda muka yi karatu tare. Muka yi alkawarin duk bayan sallar La'asar za mu zauna rabin awa ba Hausa. Ba mu yi sati uku ba abin ya watse. Dalili kuwa, mu biyun ciwonmu ɗaya: duk wanda ya fara magana sai ɗayan ya tare shi a tsakiyar jimla ya ce ai nan majruri ne, ko ai wannan jam'in ba haka yake ba. Sai gardama ta tashi, a ɗauko littafi, a koma Hausa domin a warware mas'alar. Zaman ya zama fagen nuna wa ya fi wani, kowa yana tsoron ya yi kuskure a gaban ɗan uwansa, har ya kasance shiru ya fi magana yawa. Kuma da na tambaye shi sunan famfo, shi ma bai sani ba. Makaho ne ya riƙe wa makaho sanda.

Daga nan na koma intanet. Akwai manhajojin waya da aka yi musamman domin wannan, irin su Tandem da HelloTalk, inda mutum zai rubuta harshen da ya iya da wanda yake son koyo, a haɗa shi da mai buƙatar abin da yake da shi. Tunani ne mai kyau, kuma na san waɗanda suka amfana. Ba zan faɗi wadda na yi amfani da ita ba, domin abin da na gamu da shi halin mutane ne, ba laifin manhaja ba. Matsalar farko ita ce kusan duk Balaraben da na samu Turanci yake nema, ba Hausa ba, Turancina kuwa bai kai in koyar da wani ba. Sai na zama mai roƙo, ba mai musaya ba, kuma wanda ake yi wa alfarma ba ya da bakin cewa an makara. Wani saurayi daga Masar ya yi mini kirki na kwana biyu, sannan ya ɓace ba sallama. Wani kuma muna fara gaisawa ya tambaye ni aƙidata, daga nan hira ta zama muƙabala. Wani bayan sati guda ya fara ba ni labarin wata harkar kuɗi da zan zuba jari. Akwai kuma saƙonnin mata da suka riƙa shigowa, waɗanda tun daga hoton da ke kai mutum zai san ba koyon harshe ya kawo su ba. Ga tsadar data, ga sabis da yake ɗaukewa ana tsakiyar magana. Bayan wata huɗu na goge manhajar, na ce wataƙila haka Allah Ya ƙaddara mini, in mutu ina mai karanta Larabci ba mai magana da shi ba.

Ashe abin da nake nema a Alƙahira yana Gwaram. Mahaifiyata a can take zaune, kuma na saba duk ranar Alhamis, da yake babu Islamiyya, in shiga mota daga Birnin Kudu in je in gaishe ta, tafiyar da ba ta cika wuce awa guda ba. Ana saura 'yan makonni Babbar Sallah ta shekarar 2024, na riƙo shadda ina neman tela, domin nawa na gida ya cika da aiki. Ƙanena ya ce akwai wani sabon tela a bayan kasuwa, ana ce masa Ɗan Sudan, ya iya jallabiya ƙwarai, sai dai Hausarsa sai an yi haƙuri.

Na same shi a wani ɗan ƙaramin shago, dattijo mai kimanin shekara hamsin, yana kan keken ɗinki. Na yi sallama ya amsa, ya ɗauko tef zai auna ni. Yana awo yana ƙirga wa kansa da Larabci a hankali, yana rubutawa da lambobin Larabci a bayan kwali. Da ya zo tambayata irin wuyan da nake so sai Hausar ta maƙale masa, ya yi ta nuni da hannu, yaran shagon da ke kusa suna ƙunshe dariya. Na dubi fuskarsa, na ga irin abin da na ji a ranar baƙin nan. Ban san lokacin da na ce masa da Larabcina na littafi, ya faɗa da Larabci zan gane ba. Ya saki tef ɗin ya dube ni, ya ce, "Ya Ustaz!" Sai ya ɓalle da magana kamar an buɗe dam, ni kuwa ina tsintar ɗaya cikin uku.

A hankali na san labarinsa. Kakansa mutumin ƙasar Gwaram ne, ya tafi aikin Hajji a ƙafa kamar yadda dubban mutanenmu suka yi a wancan zamani, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya tsaya noman auduga a Jazira, babbar gonar ban-ruwa da aka buɗe a 1925, ya yi aure ya zauna. Ba shi kaɗai ba ne, domin Hausawa da Fulani suna da garuruwa a can, kamar Mai Wurno a bakin kogin Nilu, wanda ya samo sunansa daga ɗan Sarkin Musulmi Attahiru da ya jagoranci masu hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Shi wannan tela a Wad Madani aka haife shi, a can ya yi makaranta da Larabci, Hausa kuwa sai 'yar wadda ya ji a bakin kakarsa. Yaƙin Sudan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, kuma a watan Disamba na shekarar ya iso garinsu. Ya kwaso matarsa da 'ya'yansa huɗu, bayan wata doguwar tafiya da ba ya son tuna ta, ya zo yana cigiyar dangin kakansa da sunan unguwa kawai. Allah Ya sa aka samu tsofaffin da suka tuna, suka ba shi ɗaki, wani ya ara masa keke.

Matsalarsa ita ce baki. A kasuwa da zarar ya yi magana sai a gane baƙo ne a ƙara masa kuɗi. Masu kawo ɗinki suna faɗin abin da suke so, ya ɗinka wani abu daban, a yi rigima. Yana cewa "matata ya zo", yara su bi shi da dariya. Takardar da aka aiko daga makarantar 'ya'yansa da Hausar boko ba ya iya karantawa. Da na zo karɓar ɗinkina sai na yi ta maza na ce masa, "Malam, ina da wata shawara. Kai kana da abin da nake nema, ni ma ina da abin da kake nema. Me zai hana mu yi cuɗe-ni-in-cuɗe-ka?" Sai da na yi masa bayanin karin maganar, ya yi dariya har da tafawa, ya ce ita ce darasinsa na farko.

Ba zan ɓoye muku ba, sai da zuciyata ta yi mini raɗa. Ni da ake kira Malam, mai digiri, in zauna a kan benci a shagon tela yana gyara mini magana, mutanen garin mahaifiyata suna wucewa suna gani? Abin da ya taimake ni shi ne tuna maganar Mujahid, almajirin Ibn Abbas, wadda Imam Bukhari ya kawo a babin ilimi, mai nuna cewa mutum biyu ba sa samun ilimi, mai jin kunya da mai girman kai. Na duba na ga duka biyun sun taru a kaina, kuma su ne suka ɗaure mini harshe tun farko, ba ƙarancin ƙamus ba.

Saboda abin da na gani a zamana da abokina malami, tun ranar farko muka kafa sharuɗɗa. Muna zama awa guda bayan sallar Azahar kowace Alhamis, rabin farko Larabci zalla, rabi na biyu Hausa zalla, kuma agogo ne alƙali. Ba a katse mai magana sai ya kai ƙarshen zancensa, ko da ya karya kowace doka ta nahawu. Gyara ba ya wuce uku a zama ɗaya, kuma mai gyaran zai maimaita jimlar ne yadda ta dace, ba tare da dogon sharhi ba. Kowa yana da ɗan littafinsa na rubuta sababbin kalmomi. Abin hira kuwa shi ne abin da ke gabanmu: ruwan sama, farashin gero, ciwon baya, rigimar yara. Sharaɗi na ƙarshe shi ne ya kawo shi. Ya lura cewa fahimtarmu ta sha bamban a wasu mas'alolin addini da ake yawan jayayya a kansu, sai ya ce mu bar su a bakin ƙofa tare da takalmanmu. Har yau ba mu taɓa shigo da su ba, kuma sahu ɗaya muke bi a masallacin kasuwa.

Akwai batun karin harshe, wanda ya kamata duk mai neman abokin hirar Larabci ya sani. Larabcin da ake magana da shi a gida da kasuwa a kowace ƙasa ya bambanta da Fusha ta littafi da labaran rediyo. Mutumin Sudan yana kiran ruwa "moya", mutum kuma "zol", in zai tambaye ka me kake so sai ya ce "dayir shinu", kuma harafin ƙaf a bakinsa yana komawa "ga". Wata rana ya ce mini a garinsu "esh" ya yi tsada, na ɗauka burodi yake nufi kamar yadda na ji a bakin saurayin nan na Masar, ashe a Sudan dawa ake kira haka. Sa'ar da na yi ita ce ya yi makaranta, yana iya Fusha in ya so. Sai muka yi yarjejeniya zai riƙa yi mini magana da Fusha mai sauƙi, in ya so ya faɗa mini yadda ake cewa a Sudan. Ta haka na samu biyu: harshen da zan yi magana da kowane Balarabe, da kunnen da zai gane mutanen kasuwa.

Ta ɓangarensa kuma, ni na sha mamakin Hausata. Sai da ya tambaye ni dalilin da ya sa ake cewa "rigata" amma "wandona", da bambancin "ya tafi" da "yakan tafi", da yadda "gari" na zama da "gari" na tuwo suke rabuwa a baki alhali rubutunsu ɗaya, na gane cewa ina magana da harshen da ban taɓa tsayawa na dube shi ba. Ni da na haddace dokokin Larabci ban iya magana ba, ga shi na iya Hausa ban san dokokinta ba. Mun kuma yi ta murna da gano 'yan uwantakar harsunan biyu a kan teburinsa: almakashi daga "al-miƙass" yake, allura daga "al-ibra", aljihu daga "al-jaib". Ya ce ashe kayan aikinsa sun riga shi zuwa ƙasar Hausa. Ban daɗe ba na bar kiransa Malam na koma kiransa Yaya, mahaifiyata kuma ta fara aika wa iyalinsa da dambu duk ranar da na zo.

Watannin farko sun yi mini nauyi. Nakan fito daga shagon kaina yana ciwo, ina jin kamar ban ci gaba ba. Ban san cewa abin yana shiga ba sai ranar da jarrabawa ta zo ba shiri. Wajen wata takwas da fara zamanmu, na iso shagon na tarar keke a rufe, shi kuma yana zaune ya haɗa kai da gwiwa. Mahaifiyarsa ce ta rasu a Gadarif, inda ta yi gudun hijira tare da ƙanensa, kuma ba shi da halin zuwa. Muna zaune ƙanen ya kira. Suka yi magana, sai kuka ya ci ƙarfinsa, ya miƙo mini wayar ya ce, "Ustaz, yi masa magana, ni na kasa." Na karɓa. Na yi wa mutumin ta'aziyya, na tambaye shi jinyar da ta yi da inda aka binne ta, na gaya masa cewa ɗan uwansa yana cikin danginsa ba a wulaƙance yake ba, na yi wa mamaciyar addu'a. Mun yi kusan minti goma. Sai da na ajiye wayar na tuna cewa ko sau ɗaya ban tsaya tunanin rufu'a da fataha ba. Na tabbata na yi kurakurai, amma mutumin ya fahimce ni, ni ma na fahimce shi, kuma a wannan rana abin da ake buƙata ke nan.

Shi ma ya ga nasa amfanin. Da 'yarsa ta yi zazzaɓi mai tsanani aka kawo ta asibiti a Birnin Kudu, na je da niyyar yi masa tafinta, sai na tarar ya riga ya yi wa likita bayani da bakinsa. Yanzu yana ciniki a kasuwa har ya ce "haba, a dai duba", yana kuma karanta takardar makarantar yaransa, ko da yake har yanzu yakan mayar da mace namiji in ya yi sauri.

To, ya ɗan uwa mai neman abokin hira, ga abin da na tsinta, ko Larabci kake nema ko Turanci ko wani harshe. Na farko, nemi wanda yake buƙatarka kamar yadda kake buƙatarsa. Alfarma tana gajiya, amma musaya tana daɗewa, domin kowa yana da abin da zai rasa in zaman ya watse. Kada kuma ka raina abin da ke hannunka: Hausar da kake ganin ba komai ba ce, wani ita ce tsakaninsa da abincinsa. Na biyu, cika alkawari ya fi zurfin ilimi muhimmanci a wannan fage. Tela mai zuwa kowace Alhamis ya fi farfesan da za ka gani sau ɗaya a shekara. Na uku, duba yadda yake gyara maka kuskure. In kana tashi daga wajensa kana jin tsoron sake buɗe baki, to ba abokin hira ka samu ba, ko da kuwa ya fi kowa fasaha. Na huɗu, duba halinsa kafin harshensa, domin wanda kake zama da shi kowane mako ba kalmomi kaɗai zai zuba maka ba, kuma Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wannan ya fi ƙarfi a intanet, inda ba ka san wanda ke bayan hoton ba. Namiji ya nemi namiji, mace ta nemi mace, kada a tura wa kowa kuɗi ko bayanan asusun banki, kuma duk hirar da ba za ka so mahaifinka ya gani ba, to ta riga ta sauka daga kan koyon harshe.

Na biyar, fara dubawa kusa da kai. A Birnin Kudu da Gwaram muna zaune da Fulani da Warjawa, ga masu bautar ƙasa da ake turowa makarantunmu daga kudu kowace shekara, da yawansu suna ɗokin koyon Hausa kuma suna da Turancin da matasanmu ke nema. Ga ɗalibanmu da suka dawo daga Sudan a 2023, ga waɗanda aka haifa a Makka da Jidda suka dawo gida da Larabci a baki. Muna wuce su a hanya kullum, wani lokaci ma muna yi wa Hausarsu dariya. Allah Ya ambaci saɓanin harsunanmu a cikin ayoyinSa a Suratur Rum, aya ta 22, kuma Manzon Allah (SAW) ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu. Saboda haka mai koyon harshe da kyakkyawar niyya ba ɓata lokaci yake yi ba.

A ajina yanzu na ware minti goma na ƙarshen kowane darasi, ina haɗa yara biyu-biyu su yi hira da Larabci a kan abin da suka ci da safe ko abin da suka gani a hanya, kuma na hana kowa dariyar kuskuren wani. Yaron nan da ya yi mini tambaya ya girma, yana ajin gaba. Kwanaki na kira shi na ba shi amsar da na riƙe masa tun 2022. Na ce masa Larabcin baƙin nan da namu asalinsu ɗaya ne, malaminsa ne a lokacin bai iya magana da shi ba.

Tun da sojojin Sudan suka karɓe Wad Madani a watan Janairun 2025, Yaya yake zancen komawa ya ga abin da ya saura na gidansa da kabarin mahaifinsa. Ina yi masa fatan alheri, ko da yake na san ranar da ya tafi Alhamis za ta yi mini faɗi. Ya ce in Allah Ya sa ya koma za mu ci gaba ta waya, rabi Larabci rabi Hausa, domin ba ya so 'ya'yansa su sake rasa harshen kakansu. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sanya shi da mutanen Sudan cikin addu'a, Allah Ya kawo musu zaman lafiya, mu ma Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare ni ne, kuma ina maraba da gyara, in dai bai wuce uku ba a zama ɗaya. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani da abokai na gari, Ya raba mu da girman kan da ke hana tambaya.